Tawul a Hannun Dogo

Tun da Bahaguwa ta farka da safiyar ranar wasan ƙarshe ta san abin bai tafi ba. Ta kwanta da fatan barci zai wanke shi, amma ina. Ta rufe idonta na dama da tafin hannu, ta ɗaga kai ta kalli fankar da ke juyawa a ɗakin masaukin 'yan wasa. Rabin fankar kawai ta gani. Ɗaya rabin wani baƙin labule ya sauko ya rufe shi, sai 'yan ƙyalƙyali da ke yawo a gefensa.

Naushi ɗaya ne ya ja mata wannan, a wasan kusa da na ƙarshe. Ta ci wasan, an ɗaga hannunta, 'yan ƙasarsu sun yi ta ihu har muryoyinsu suka dishe, ita kuwa tana tsaye tana murmushi tana ganin rabin jama'a.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa ma za ta faɗa wa?

Gasar damben nahiya ce, ta maza da mata, ta 'yan wasan da ba su shiga damben kuɗi ba tukuna. Kowace ƙasa ta zo da zakarunta, an yi ta tankaɗe da rairaya, kuma a ajin nauyinta saura su biyu. Kowa ya san lambar zinare take nema. Abin da ba su sani ba shi ne aurenta ne ke rataye a jikin lambar nan.

Da bakinta ta ɗaure kanta, kuma duk wanda ya san Bahaguwa ya san bakinta ya fi hannunta sauri.

Babanta, wanda kowa ke kira Koci, tsohon ɗan dambe ne mai ido ɗaya. A bayan gidansu yake horar da matasa, a wata rumfar kwano mai tsofaffin tayoyi da buhun naushi da ya sha faci. A nan ta tashi, a nan kuma Dogo ya zo yana neman zama zakara. Koci ya gwada shi, ya girgiza kai, ya ce tsawon hannun ya yi, amma tausayi ya yi masa yawa, mutumin da zai naushi abokin karawa sannan ya ce masa sannu ba ɗan dambe ba ne. Sai ya miƙa masa bokiti da bandeji da tawul, ya mai da shi mataimakinsa. Shi ke naɗe mata hannu, shi ke goge mata gumi, kuma kullum a gefenta na hagu yake tsayawa, don da hagu take karɓar abu. Tun tana kiransa Yaya Dogo da zuciya ɗaya har ta wayi gari in ba ya rumfar naushinta ma ba ya tafiya daidai.

Umma ce ta ce ba ta san wannan zance ba. Ba ta tsani Dogo ba, damben ta tsana. Ta ce ta gaji da goge shayin da mijinta ke zubawa a gefen kofi saboda ido ɗaya ba ya gane nisa, ba za ta ɗauki 'yarta ta sake kai wa wani gidan dambe ba. Ga Ɗan Kwangila, ɗan aminiyarta, yana ta zarya, sharaɗinsa ɗaya tak, ta ajiye safar dambe. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Abin haushin, mutumin kirki ne, har ƙasa yake durƙusawa ya gai da Koci, bai taɓa faɗa mata magana marar daɗi ba.

Aka yi ta ja-in-ja a gidan har hawan jinin Umma ya tashi. Ranar da Bahaguwa ta same ta kwance a falo tana hawaye, magunguna zube a gefenta, sai ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Umma, ki bar ni in je gasar nan. In na dawo da zinare ki sa mana albarka ni da Yaya Dogo. In ban dawo da shi ba, wallahi na ajiye dambe, kuma wanda kike so shi zan aura."

Umma ta tashi zaune, ta share ido, ta kira Koci ta ce ya zama shaida. Ya ce ya shaida. Shi a ganinsa ma ai an gama magana, don bai taɓa kawowa a ransa akwai 'yar da za ta tsaya gaban hagun 'yarsa ba.

To ga inda rana ta kawo su.

Da hantsi aka yi awon nauyi. Ta hau sikeli ta sauka lafiya. Likitan gasar yana da dogon layi a gabansa, ya haska mata 'yar fitila, ya latsa haƙarƙarinta, ya tambaye ta ko akwai inda ke damunta. Ta dube shi da idon da ke gani ta ce babu.

Wata matsalar kuma ita ce Koci ba zai tsaya mata a kusurwar dandali yau ba. A wancan wasan ya haura gefen dandali ya zazzage wa alƙalin wasa kwandon zagi, aka hana shi zama kusurwa har gasar ta ƙare. A cikin 'yan kallo zai zauna. Dogo ne zai riƙe kusurwar, shi zai riƙe tawul.

Tawul kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. In mai kusurwa ya ga ɗan wasansa na neman halaka, sai ya jefa shi cikin dandali, nan take a tsai da wasa, a ba abokin karawa nasara. Ko'ina haka ake yi, ban da wajen Koci. Shi a wajensa tawul na goge gumi ne kawai. Duk wanda ya shiga rumfarsa sai ya ji labarin ranar da idonsa ya tafi, yadda ya ƙarasa wasan a tsaye, babu wanda ya kuskura ya jefa masa tsumma. Da alfahari yake ba da labarin, yana dukan ƙirji. Kuma ya sha faɗa cewa duk wanda ya jefa tawul a kan ɗan wasansa, shi da shi har abada.

Bayan azahar suka shiga ɗakin shiri. Ɗan ƙaramin ɗaki ne marar taga, benci ɗaya, madubi mai tsagewa, sai warin man zafi. Ta zauna ta miƙa hannu, Dogo ya durƙusa ya fara naɗa bandeji, a hankali kamar kullum, yana bin tsakanin yatsunta. Yana yi yana ba ta labarin abokiyar karawarta, wata doguwa mai ƙananan kitso, ya ce damanta ne abin tsoro, daga gefe take kawo shi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan Kwangila ne, cikin fararen kaya, bai ma shigo ba. Ya ce ya kawo Umma, tana layin gaba, yau ne karonta na farko da za ta ga 'yarta a dandali. Ya gai da Dogo da hannu biyu, sannan ya dube ta.

"Allah ya ba ki sa'a. Na san sa'arki rashina ce, amma har zuciyata nake faɗa."

Ya ja ƙofar ya tafi. Bahaguwa ta ji kamar ta yi kuka don takaici. Mutum ko dalilin tsanarsa ba zai ba ka ba.

Dogo ya gama naɗin, ya miƙe, ya koma inda ya saba tsayawa. Ita tana kallon madubi tana juya wuya. Shiru ya yi yawa, sai ta waiga gaba ɗaya don ta ga abin da yake yi.

Gorar ruwa ce a hannunsa, ya miƙo ta dab da kuncinta na hagu. Allah kaɗai ya san tun yaushe take a wurin. Shekara da shekaru haka yake miƙo mata, ita kuma ta cafe ba tare da ta duba ba.

Ta kai hannu da sauri, ya janye gorar.

"Tun yaushe?"

Ta ce tunani ne ya ɗauke mata hankali. Ya sa tafinsa ya rufe mata idon dama. Hannunsa ya yi sanyi ƙalau.

"Faɗa mini abin da kike gani."

Ta so ta yi ƙarya, amma wannan muryar ba ta taɓa iya yi mata ƙarya ba. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tafinsa.

"Labule ne, Yaya Dogo. Daga sama yake saukowa. Jiya bai kai haka ba."

Ya zauna daɓas a kan bencin. Ya ce Koci ya taɓa ba shi labarin nasa idon a keɓe, shi ma da labule ya fara. Ya ce in aka yi sauri likitan ido na iya ɗaga shi, amma in wani naushi ya sake sauka a wurin, shi ke nan. Ya miƙe zai je ya kira likitan gasa, ta riga shi isa ƙofar, ta tokare ta da bayanta.

"In ka fita ɗakin nan ka sake ni ke nan tun kafin ka aure ni."

"Ki matsa, don Allah."

"Ba zan matsa ba. Turmi uku ne fa. Turmi uku, in sauko, ka kai ni duk asibitin da kake so. Ka manta rantsuwar da na yi wa Umma? A gaban Baba na yi ta. Ba ni da ƙofar fita sai wannan."

"Ni kuma in zauna ina kallo ana kashe miki ido?"

"Idona ne. Ina da wani."

"Haka Koci ya ce."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta zame ta durƙusa a bakin ƙofar, hannayenta naɗe da bandeji, ko hawayen ba ta iya sharewa da kyau. Ta ce masa ta gwammace ta zauna da shi da ido ɗaya da ta zauna a gidan wani da ido biyu tana kallon bango. Ta ce in yana sonta ya bar ta ta yi faɗan nan, don ba da waccan mai kitson take faɗa ba, a kansa take yi. Ta tuna masa cewa in ya taɓa tawul ɗin nan ba ita kaɗai zai rasa ba, har rumfar, har Koci da ya riƙe shi kamar ɗa.

Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa gabanta ya goge mata fuska da tawul ɗin da ke kafaɗarsa.

"Na ji, ba zan kira likita ba."

"Ka rantse ba za ka jefa ba."

Ya ɗauko safar damben ya fara zura mata, ya ɗaure, ya gyara mata hular kariya. Bai rantse ba. Kafin ta sake magana aka buga ƙofa aka ce lokaci ya yi.

Zauren ya cika maƙil. Ta hango Umma a layin gaba ta dafe ƙirji, Ɗan Kwangila a gefenta. Koci kuwa ba sai an neme shi ba, muryarsa ta fi lasifika.

Turmin farko nata ne. Ta yi ta zagayawa, tana ajiye abokiyar karawar a inda idonta na dama ke kamawa, hagunta na shiga kamar an aiko shi. Da aka buga ƙararrawa ta dawo kusurwa tana haki tana murmushi. Dogo ya cire mata robar baki, ya ba ta ruwa, wannan karon ta gabanta ya miƙo.

A turmi na biyu mai kitson ta gano Bahaguwa ba ta gani ta hagu. Ba wawiya ba ce, ba a zuwa wasan ƙarshe da wauta. Ta kawo dama daga gefe, ya shiga. Ta sake kawowa, ya sake shiga, Bahaguwa ko motsin karewa ba ta yi ba. Daga nan mai kitson ta daina ɓata ƙarfinta a wani wuri. Bahaguwa ta rama, ta rama sosai, amma naushin da ba ka ga tahowarsa ba daban yake da sauran.

Ta zauna a kusurwa, duniya na juya mata. Labulen ya ƙara saukowa.

"Kina gaba da maki," in ji Dogo. "Amma ta gane."

"Saura ɗaya."

"Ki ce wa alƙali kin haƙura. In daga bakinki ya fito..."

"Saura ɗaya, Yaya Dogo. Ka tausaya mini."

Ya mayar mata da robar. Ta ga yadda ya damƙe tawul ɗin har jijiyoyin hannunsa suka tashi.

Turmi na uku ta shiga da duk abin da ya rage mata. Ta manne wa mai kitson don kada ta samu filin kawo dama, aka raba su, ta sake mannewa, alƙalin wasa ya yi mata kashedi. Ana cikin haka wani abu ya sauka a gefen fuskarta, wani farin haske ya tartsatsa a cikin kanta, ta ji igiyar dandali a bayanta. Alƙali ya tsaya gabanta yana ƙirga. Ta ɗaga safa ta nuna masa lafiyarta lau. Ta juya kai gaba ɗaya ta nemo Dogo, ta girgiza masa kai. Ta ji Koci daga can yana ihu cewa an kusa, ta tsaya da ƙafarta.

Aka ce a ci gaba. Ta taka gaba, ta kai hagu, ya shiga, ta ji daɗin shigarsa har ƙashinta. Ta ɗaga za ta ƙara sai ta ji alƙali ya rungume ta ta baya yana ja.

Ba ta gane ba. Ta fizge, ta ce ai ba a buga ƙararrawa ba. Mai kitson ta daka tsalle ta ruga kusurwarsu. Zauren ya ɗauki wani irin guna-guni. Sai da alƙalin ya juya ta ya nuna mata ƙasa sannan ta gani.

Farin tawul ne yashe a gefenta na hagu. Ko faɗuwarsa ba ta gani ba.

Yadda aka ɗaga hannun waccan, yadda ta sauko, yadda ta bi dogon lungun nan ta koma ɗakin shiri, duk ba ta san an yi ba. Ta dai tsinci kanta a kan benci, Dogo a durƙushe yana kwance mata safa, kansa a ƙasa. Tana jin haushinsa kamar ta shaƙe shi, tana kuma jin sonsa fiye da kowace rana, ta rasa wanne za ta fara yi wa kuka.

Aka banko ƙofar. Koci ya shigo da tawul ɗin a hannu, ya ci kwalar Dogo ya haɗa shi da bango.

"Ni ka tozarta? A gaban duk nahiya? Tana gaba da maki, ɗan butulu!"

Dogo bai kare kansa ba, bai kuma ce uffan game da idon ba.

"Baba, sake shi," in ji ta. "Zo ka rufe mini idon dama."

Koci ya waigo. Ya daɗe yana kallonta da idonsa ɗaya, hannunsa ya saki rigar a hankali. Ya tako ya sa ƙaton tafinsa ya rufe mata ido, ya tambaye ta me take gani.

"Gemunka kawai, Baba. Sauran duk duhu ne."

Tsohon ya janye hannu. Ya nemi gefen benci zai zauna, ya kusa kuskurensa, sai da ya laluba. Ya shimfiɗa tawul ɗin a cinyarsa yana shafawa kamar yau ya fara ganin irinsa. Da ya yi magana ba muryar da aka sani ba ce.

"Ni ranar nan na yi ta waiwayen kusurwata. Na yi ta waiwaye. Babu wanda ya jefa."

Umma ta shigo da gudu-gudu, mayafinta na jan ƙasa, ta rungume 'yarta tana kuka. Ashe daga bakin ƙofa ta ji komai. Ɗan Kwangila ya leƙo ya ce ya samu likitan ido a waya, yana jiransu yanzu, mota na bakin zaure.

Bahaguwa ta ɗago ta dubi babanta. Shi ne shaida, in akwai mai iya kwance ƙullin rantsuwar nan shi ne. Koci ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa, ya rufe.

Umma ta saki 'yarta, ta juya wajen Dogo. Ta kama hannunsa biyu ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba, hawaye na zuba a kai.

"Ɗan nan, ka ceci idon 'yata, ba zan manta ba har in mutu. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka wadda ta fi ta."

Dogo ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Ya tattara bokitinsa da ragowar bandeji, ya taka a hankali ya zagaya bencin. Ta bi shi da ido har ya kai gefenta na hagu, inda ya saba tsayawa, inda kuma ƙofar take. Daga nan labulen ya haɗiye shi.

Umma na cewa ta tashi su tafi, likita na jira. Bahaguwa ta zauna ƙyam, tana kallon madubin da ya tsage. Ba ta ji ƙarar ƙofa ba, ba ta kuma ji numfashinsa ba. Juya kai kawai za ta yi ta san ko yana nan, amma wuyanta ya ƙi.

Sai ta ɗaga hannunta na hagu a hankali, ta buɗe tafin, ta bar shi a sama tana jira.